Tambaya da Amsa: Me Ke Cikin Lambar 2,147,483,647?

Wasiƙun da muka zaɓa domin wannan fitowa duka a kan lamba ɗaya suke, wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Mun taƙaita tambayoyin domin a sami wurin amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhajar kwamfuta a Zariya. Na haɗa wani ƙaramin rumbu domin ajiye sunayen 'yan ajinmu da lambobin wayarsu, amma duk lambar wayar da na shigar, idan na buɗe rumbun sai in tarar ta koma 2147483647. Daga ina wannan lamba take fitowa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, wurin da ka tanada wa lambobin ne ya yi musu kaɗan. Kwamfuta ba ta ƙirga da alƙaluma goma kamar yadda muke yi, alƙaluma biyu kawai ta sani, sifili da ɗaya, kuma takan ware wa kowace lamba ƙayyadaddun gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar alƙalami guda. A tsarin da aka fi amfani da shi wajen ajiye lamba wadda ba ta da ɓurɓushi, gurabe 32 ake warewa. Da gurabe 32 ana iya rubuta lambobi daban-daban har 4,294,967,296, amma da yake ana bukatar lambobin da ke ƙasa da sifili, irin waɗanda ake nuna bashi ko faɗuwa da su, sai aka raba wannan adadi gida biyu: rabi ya tafi ƙasa har zuwa −2,147,483,648, rabi kuma ya tashi daga sifili zuwa sama. Gurbi ɗaya ya tafi wajen nuna ɓangaren da lambar take, saura 31, kuma idan aka cika waɗannan gurabe 31 da ɗaya-ɗaya, ba a bar sifili ko guda ba, abin da za a samu shi ne 2,147,483,647. Masu lissafi suna rubuta ta 2³¹ − 1, ma'ana a jera biyu-biyu guda talatin da ɗaya, a ninka su da juna, sannan a ɗebe ɗaya.

Lambar wayar Najeriya alƙaluma goma sha ɗaya ce, kuma idan kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin adadi sai ta yar da sifilin farko, a bar alƙaluma goma masu farawa da 7 ko 8 ko 9. Ke nan kowace lambar waya ta haura biliyan bakwai, ta ninka iyakar gurbin fiye da sau uku. Wasu rumbunan sukan ƙi karɓa, wasu kuma, irin naka, sukan yi shiru su ajiye mafi girman abin da gurbin zai iya ɗauka. Akwai kuma hali na uku wanda ya fi waɗannan haɗari, inda lambar takan zagaya ta faɗa ɓangaren ƙasa da sifili, kamar yadda ma'aunin kilomita na tsohuwar mota yake komawa sifili idan ya cika. A irin wannan tsari, idan aka ƙara ɗaya a kan 2,147,483,647 sai a ga −2,147,483,648. Lambar wayar Nijar, mai alƙaluma takwas, tana shiga gurbin ba tare da matsala ba, sai fa idan an sa mata 227 a gaba.

Maganin shi ne ka ajiye lambar waya a matsayin rubutu, tun da babu ranar da za ka tara lambobin waya biyu ko ka raba ɗaya da ɗaya. Ka kuma kiyaye wannan idan ka zo rubuta manhajar da ta shafi kuɗi, domin masu rubuta manhaja da yawa sukan ajiye kuɗi da kwabo don guje wa ɓurɓushi, kuma kwabo 2,147,483,647 bai wuce naira 21,474,836 da kwabo 47 ba, kuɗin da ɗan kasuwa matsakaici zai iya juyawa a yau.

TAMBAYA: Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare a Maraɗi. Na karanta cewa babu lambar da ke raba wannan lamba daidai sai ɗaya da ita kanta, kuma wai an tabbatar da haka tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Ta yaya ɗan Adam zai gwada lambobi sama da biliyan biyu da hannu?

AMSA: Malama, abin da kika karanta gaskiya ne, kuma ba a gwada lambobi biliyan biyu ba, ba a ma gwada dubu ɗaya ba. Lambobi irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13, waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya da kansu, a wannan fili muna kiran su gagara-rabo. Wanda ya tabbatar da cewa 2,147,483,647 tana cikinsu shi ne Leonhard Euler, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1707, wanda ya bayyana sakamakon a cikin wata wasiƙa da ya aika wa ɗaya daga cikin malaman gidan Bernoulli a 1772. A lokacin yana zaune a Petersburg ta ƙasar Rasha, kuma ganinsa ya riga ya tafi kusan gaba ɗaya. Yadda ya rage aikin ya cancanci a bi shi daki-daki, domin matakan farko abu ne da za ki iya nuna wa ɗalibanki a allo.

Ragi na farko tsohon sani ne. Idan lamba ta rabu gida biyu, wato ta zama wata lamba sau wata, to dole ɗaya daga cikin biyun ba ta wuce saiwar lambar ba, wato adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da lambar. Ɗauki 91, wadda take 7 sau 13: saiwarta tana tsakanin 9 da 10, kuma 7 tana ƙasa da haka, don haka wanda ya gwada har zuwa 9 ya gama aikinsa. Ita kuwa lambarmu, 46,340 sau 46,340 ya ba da 2,147,395,600, wanda bai kai ta ba, 46,341 sau 46,341 kuma ya ba da 2,147,488,281, wanda ya wuce ta. Saboda haka gwaji ya tsaya a 46,340. Ba kuma sai an gwada kowace lamba ba, gagara-rabo kaɗai sun isa, domin duk lambar da 6 ta raba, 2 da 3 sun riga sun raba ta. Gagara-rabon da ke ƙasa da 46,341 guda 4,792 ne. Daga biliyan biyu an sauko zuwa ƙasa da dubu biyar, amma raba lamba mai alƙaluma goma har sau 4,792 da alƙalami da takarda aiki ne na watanni, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ɓata shi.

Ragi na biyu ya fito ne daga siffar lambar, kuma Pierre de Fermat na Faransa ne ya gano shi a 1640. Ya nuna cewa idan lambar sama, wato wadda ke faɗin sau nawa aka jera biyu, gagara-rabo ce mara, to duk gagara-rabon da za ta raba sakamakon dole ta kasance wani ninki na lambar saman sau biyu da aka ƙara masa ɗaya. Misali zai fi bayyana shi. 2¹¹ − 1 ita ce 2,047, kuma tana rabuwa: 23 sau 89. Ninkin 11 sau biyu shi ne 22, ga shi kuwa 23 ita ce 22 da ɗaya, 89 kuma ita ce 22 sau huɗu da ɗaya. Ba dace ba ne, ƙa'ida ce. A lambarmu lambar sama 31 ce, don haka abin da kawai zai iya raba ta shi ne lambar da take ninkin 62 da ɗaya, wato 63, 125, 187, 249, 311, haka har zuwa iyaka. Irin waɗannan lambobi da ke ƙasa da 46,341 guda 747 ne.

Ragi na uku na Euler ne. Duk gagara-rabon da za ta raba lamba mai wannan siffa, idan aka raba ta da 8, saurar da za ta bari 1 ce ko 7, babu na uku. A sake duba 2,047: 23 ta bar saura 7, 89 ta bar saura 1. Idan aka haɗa wannan sharaɗi da na Fermat, rabin jerin ya zube, abin da ya rage shi ne lambobin da suke ninkin 248 da ɗaya, ko ninkin 248 da 63. Ban da 63 kanta, wadda take 7 sau 9, guda 372 ne kacal suka rage a ƙasa da iyakar, kuma mafi yawansu ma ba gagara-rabo ba ne, ba sa bukatar gwaji: 249 ita ce 3 sau 83, 497 ita ce 7 sau 71, 559 ita ce 13 sau 43. Ta farko da ta cancanci a gwada ita ce 311, sai 1,303. Da aka bi su duka ba a sami wadda ta raba lambar daidai ba. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi amfani ga ɗalibi a cikin labarin, fiye da sunan lambar ko shekarar da aka gano ta, domin yana nuna cewa ƙwarewa a lissafi ba saurin rabawa ba ce, sanin abin da ba ya bukatar a raba shi ne.

TAMBAYA: Daga Kumasi nake rubutowa. Na ji ana kiran ta lambar Mersenne. Wane ne Mersenne, kuma shin don ba ta rabuwa ne masu ƙera kwamfuta suka zaɓe ta ta zama iyaka?

AMSA: Marin Mersenne malamin addinin Kirista ne Bafaranshe, ya rayu daga 1588 zuwa 1648, kuma ya shahara da musayar wasiƙu da manyan masanan zamaninsa. Duk lambar da aka samu ta hanyar jera biyu-biyu a ninka sannan a ɗebe ɗaya ana danganta ta da shi: 3, 7, 15, 31, 63, 127, 255, da sauransu. Wasunsu gagara-rabo ne, mafi yawansu kuwa ba haka suke ba. Sharaɗi na farko shi ne lambar saman ita kanta ta zama gagara-rabo, kuma dalilin a fili yake idan aka tuna cewa a ƙidayar kwamfuta waɗannan lambobi jerin ɗaya-ɗaya ne. A ƙidayarmu ta goma, 111,111 ita ce 111 sau 1,001, domin ɗaya-ɗaya guda shida suna kasuwa uku-uku. Haka abin yake a ƙidayar kwamfuta, inda ɗaya-ɗaya shida suke nufin 63, wato 7 sau 9. Amma wannan sharaɗi shi kaɗai bai wadatar ba, kamar yadda 2,047 ta nuna. Haka 2²³ − 1, wato 8,388,607, ita ce 47 sau 178,481, sannan 2²⁹ − 1, wato 536,870,911, ita ce 233 sau 1,103 sau 2,089.

A nan ne magabata suka yi ta tuntuɓe. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar a 1588 cewa 131,071 da 524,287, masu lambobin sama 17 da 19, gagara-rabo ne, amma ya ƙara da cewa 23, 29, 31 da 37 ma haka suke, alhali 31 ce kaɗai ta yi daidai a cikin huɗun. Mersenne ya fitar da nasa jerin a 1644: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya yi kuskure a kan 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Ke nan mutum biyu sun faɗi cewa lambarmu ba ta rabuwa tun fiye da shekara ɗari kafin Euler, sai dai faɗa daban, hujja daban. Ita ce ta takwas a jerin gagara-rabon Mersenne, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Tana kuma cikin wani rukuni mafi ƙanƙanta, domin lambar samanta, 31, ita ma gagara-rabon Mersenne ce, wato 2⁵ − 1. Gagara-rabo masu wannan hawa biyu guda huɗu kawai aka sani: 7, 127, lambarmu, da 2¹²⁷ − 1. Wanda zai so ya ƙara hawa na uku, ya ɗora lambarmu a matsayin lambar sama, an riga an gano cewa sakamakon yana rabuwa.

Game da ɓangare na biyu na tambayarka, amsar ita ce a'a, kuma mutane da yawa sukan haɗa abubuwan biyu ba bisa ƙa'ida ba. Masu ƙera kwamfuta sun zaɓi gurabe 32 ne saboda 8, 16, 32 da 64 su ne ma'aunan da na'urar ta ginu a kansu, iyakar kuma ta biyo baya da kanta. Hujja ita ce iyakokin sauran ma'aunan. A gurabe 16 iyakar ita ce 32,767, wadda take 7 sau 31 sau 151. A gurabe 64 iyakar ita ce 9,223,372,036,854,775,807, kuma 7 tana raba ta daidai. Da rashin rabuwa ake nema, da waɗannan ba su samu shiga ba.

Akwai dai wuri guda da halayen biyu suka haɗu aka ci moriyarsu tare, shi ne wajen samar da lambobin da suke kama da na ƙuri'a, waɗanda ake bukata a wasannin kwamfuta da gwaje-gwajen kimiyya. A wata hanya da Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a riƙe a 1988, ana ɗaukar lamba a ninka ta da 16,807, a raba da 2,147,483,647, a riƙe saurar, sannan a maimaita. Idan aka fara da 1 za a sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Saboda abin rabawar gagara-rabo ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, wadda take 7 sau 7 har gida biyar, jerin ba ya maimaita kansa sai ya bi ta kan kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646, kuma kowane sakamako yana shiga gurabe 32 ba tare da ya zube ba.

TAMBAYA: Wani mai karatu daga Katsina yana tambaya: ban da rashin rabuwa, a waɗanne rukunai kuma masu lissafi suke sa wannan lamba?

AMSA: Malam, mara ce, tun da ta ƙare da 7, kuma jimlar alƙalumanta 46 ce, abin da ke nuna cewa 3 da 9 duka suna barin saura 1. Hasali ma 2, 7, 11, 31, 151 da 331 su ma saura 1 suke bari, domin lambar da ke bayanta da taki ɗaya, 2,147,483,646, ita ce 2 sau 3 sau 3 sau 7 sau 11 sau 31 sau 151 sau 331. Idan aka jera gagara-rabo daga 2 zuwa sama, ita ce ta 105,097,565. Ba ta da tagwai, wato babu gagara-rabo a taki biyu gabanta ko bayanta: 2,147,483,645 tana rabuwa da 5, 2,147,483,649 kuma ita ce 3 sau 715,827,883. Maƙwabtanta na kusa a cikin gagara-rabo su ne 2,147,483,629 da 2,147,483,659.

Ta fuskar murabba'ai, wato lambobin da ake samu idan an ninka lamba da kanta, irin su 4, 9 da 16, tana cikin masu taurin kai. Gagara-rabon da ta bar saura 1 idan an raba ta da 4 tana zama jimlar murabba'i biyu, kamar 13 da take 4 da 9, amma lambarmu saura 3 take bari, don haka ba ta zama. Ba ta zama jimlar murabba'i uku ma, domin Adrien-Marie Legendre ya nuna cewa lambar da ta bar saura 7 idan an raba ta da 8 ba ta zama, ita kuwa saura 7 take bari. Sai an kai huɗu, adadin da Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa ya ishi kowace lamba.

Rukunin da ya fi tsufa shi ne wanda ake duba jimlar lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. Idan jimlar ta gaza lambar, mai giɓi ce; idan ta wuce ta, mai rara ce, kamar 12 da masu raba ta suka taru suka ba da 16; idan kuwa ta yi daidai, kammalalliya ce, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28 da take 1, 2, 4, 7 da 14. Lambarmu mai giɓi ce ta ƙarshen giɓi, tun da jimlarta 1 ce tak, amma ita ce mabuɗin wata kammalalliya. Tun zamanin Girkawa Euclid ya nuna cewa duk gagara-rabo mai siffar Mersenne, idan aka ninka ta da rabin lambar da ke gabanta, kammalalliya ake samu: 3 sau 2 shida, 7 sau 4 ashirin da takwas, 31 sau 16 kuma 496, 127 sau 64 kuma 8,128. Masanan duniyar Musulunci sun yi aiki sosai a wannan babi, daga Sabit bin Ƙurra a Bagadaza a ƙarni na 9 zuwa Ibnul Haisam a Alƙahira a ƙarni na 11, wanda ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk kammalalliyar lamba cika ta wannan hanya take fitowa, abin da Euler ya kammala hujjarsa daga baya. Idan aka ninka 2,147,483,647 da 1,073,741,824 za a sami 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliya ta takwas. Wannan adadi mai alƙaluma 19 shi ne kuma abin da za a samu idan aka tara dukkan lambobi daga 1 har zuwa 2,147,483,647, kamar yadda tara 1 zuwa 7 yake ba da 28.

TAMBAYA: Wata mai karatu daga Yamai ta ce: na ji wai a shekarar 2038 kwamfutoci za su tsaya saboda wannan lamba. Gaskiya ne?

AMSA: Akwai gaskiya a ciki, Hajiya, amma an ƙara mata gishiri. Kwamfutoci masu bin tsarin Unix, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta, suna riƙe lokaci ne ta hanyar ƙirga sakan-sakan tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 a agogon Girinwich. Sakan 2,147,483,647 daidai yake da kwana 24,855 da awa 3 da minti 14 da sakan 7, wato shekara 68 da 'yan kwanaki. Ƙirgen zai cika ranar Talata 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14 da sakan 7 na dare a Gana, 4:14 a Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi, 5:14 a Sudan. Na'urar da har lokacin take ajiye ƙirgen a gurabe 32, sakan ɗaya bayan haka za ta ɗauka cewa ranar 13 ga Disamban 1901 ce. Wayoyi da kwamfutocin zamani galibi sun koma gurabe 64, waɗanda ba za su cika ba sai bayan shekara biliyan 292 da wani abu. Inda damuwar take shi ne ƙananan na'urori da aka dasa a cikin injuna da motoci da kayan masana'antu, waɗanda akan bari su yi shekaru ba a taɓa manhajarsu ba, da kuma tsofaffin rumbunan bayanai.

Ba sai an jira 2038 ba ma kafin a ga irin wannan. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wani ma'aunin ƙirge a na'urorin lantarki na jirgin Boeing 787 yana cika idan an bar su a kunne kwana 248 a jere, abin da kan iya ɗauke wutar jirgin. Wanda ya raba 2,147,483,647 da ɗari, ya ɗauki sakamakon a matsayin sakan ya mayar da shi kwanaki, zai sami 248 da rabi. A ranar 1 ga Janairun 2022 kuma saƙonnin imel suka maƙale a na'urori masu amfani da Microsoft Exchange, saboda an rubuta kwanan watan a matsayin lamba 2,201,010,001, wadda ta haura iyakar.

TAMBAYA: Daga Garwa: shin ita ce gagara-rabo mafi girma?

AMSA: Babu gagara-rabo mafi girma, domin Euclid ya tabbatar da cewa ba su da iyaka, abin da ake da shi shi ne mafi girma da aka sani a kowane zamani. Lambarmu ta riƙe wannan matsayi daga zamanin Euler har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, har ma wani masanin lissafi na Ingila, Peter Barlow, ya rubuta a 1811 cewa da wuya wani ya wahalar da kansa neman kammalalliyar da ta wuce wadda ta fito daga gare ta, tun da a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani. A 1876 Édouard Lucas na Faransa ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1, mai alƙaluma 39, da hannu, ta wata hanya da ba ta bukatar gwada masu rabawa ko kaɗan, wadda Derrick Lehmer na Amurka ya gyara a shekarun 1930. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa a riƙe saurar, a maimaita sau adadin lambar sama ban da biyu. Idan aka ƙare a sifili, gagara-rabo ce. A gwada da 31, mai lambar sama 5: daga 4 sai 14, sai 194 wadda ta bar saura 8, sai 62 wadda ta bar sifili, taki uku ke nan. Lambarmu taki 29 kacal take bukata ta wannan hanya.

Da wannan gwaji ne Raphael Robinson ya gano sababbin gagara-rabon Mersenne biyar da kwamfuta a 1952, kuma da shi ne masu sa kai na GIMPS, shirin neman gagara-rabon Mersenne ta intanet wanda George Woltman ya kafa a 1996, suke tabbatar da abin da kwamfutocinsu suka tono. A Oktoban 2024 Luke Durant ya gano ta 52 da aka sani a gagara-rabon Mersenne, mai lambar sama 136,279,841 da alƙaluma 41,024,320. Ko gagara-rabon Mersenne su ma ba su da iyaka, da kuma ko akwai kammalalliyar lamba mara, tambayoyi ne biyu da har yanzu masu lissafi ba su warware ba.